Kafin Ku Hau Mambila

Ƙannena da 'ya'yana, na lura a 'yan shekarun nan sha'awar fita yawon buɗe ido ta shiga zukatanku, kuma abin ya faranta mini rai. A da, in saurayi ya ɗaura niyyar tafiya, to ko fatauci za shi, ko neman karatu, ko ci-rani, ko gaida dangi. Yanzu sai ka ga abokai sun haɗa kuɗi, sun cika mota, sun nufi wani wuri don kawai su ga ƙasar Allah. Wannan abu ne mai kyau, kada kowa ya sa ku ji kunyarsa. Sai dai akwai wurin da sunansa ba ya barin bakinku, kuna ta tura wa juna hotunansa a waya, wato tsaunin Mambila na jihar Taraba. A kansa nake so mu yi magana, domin irin tafiyar da yawancinku ke shiryawa zuwa can ba za ta ba ku ko rubu'in abin da wurin ya ƙunsa ba. A hau a gurguje, a yini ana tsalle daga wannan tudu zuwa wancan da waya a hannu, a kwana biyu a sauko. Mai irin wannan tafiya ya sha wahalar hanya, ya kashe kuɗinsa, wani lokaci ma ya jefa ransa cikin haɗari, alhali bai san inda ya je ba. Roƙona gare ku shi ne ku ba tsaunin nan lokaci, ku taka shi da ƙafa, ku shige shi da ladabin wanda ya zo gidan mutane.

Mambila shimfiɗaɗɗen tudu ne a ƙaramar hukumar Sardauna, jingine da iyakar Kamaru, babban garinsa kuwa Gembu. Tsayinsa daga doron teku ya kai kimanin mita 1,600 a tsaka-tsaki. Kano ba ta kai mita 500 ba, Jos da muke yabon sanyinta tana wajen mita 1,200. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yana raguwa da digiri shida da rabi ko kusa da haka, domin iskar sama ba ta da nauyin da ke danne ta, sai ta buɗe ta huce. Shi ya sa a lokacin da Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, rana a Gembu da wuya ta yi nisa da 25. Ruwan sama ma tsayin ne ke jawo shi: iskar damina mai ɗauke da danshi daga Tekun Atlantika in ta iso, sai tsaunin ya tilasta mata hawa, ta yi sanyi, ta juye ruwanta a kansa. Damina a can tana sauka da wuri, tana kuma daɗewa, wata bakwai ko fiye.

Ku riƙe wannan bayani, domin kusan duk abin da zai ba ku mamaki a sama daga gare shi ya fito. Ruwa yana tafasa a wajen digiri 95 maimakon 100, don haka wake da ganda sun fi daɗewa a wuta. Numfashi yana saurin ƙarewa a hawan da a gida ba za ku ɗauke shi komai ba. Rana kuma tana ƙona fata tana fasa leɓe ko da jiki bai ji zafinta ba, saboda iskar da ke tace haskenta ta ragu. Hula da man shafawa da ruwan sha ba na gayu ba ne a can.

Hanyar da aka fi bi tana tashi daga Jalingo, ta ratsa Bali da Serti, ta isa Mayo Selbe a gindin tsaunin. Daga nan ake fara hawa, titi yana nannaɗe jikin dutse, kwana bayan kwana, gefe guda bango, gefe guda rami mai zurfi, har a ɓulla Maisamari, a wuce Nguroje, a isa Gembu. Daga Jalingo tafiyar yini guda ce cur. Wanda ya taso daga Kano ko Katsina ko Maraɗi ya ƙaddara kwana biyu a zuwa, biyu a dawowa. To ku yi lissafi da kanku: wanda hutunsa bai kai mako ba, a mota zai ƙarar da shi. Gara a jinkirta a tara kwanaki da guzuri a yi tafiyar sau ɗaya mai kyau. Kafin ku tashi kuma ku tambayi halin da hanya ke ciki daga direbobin da ke bin ta kullum, a tasha, domin labarin tsaro da na gadoji yana sauyawa daga wata zuwa wata. Tafiyar dare kuwa ku soke ta gaba ɗaya, duk yadda aka ce muku hanya lafiya.

Zaɓen lokaci yana da nasa ilimi. Koren da kuke gani a hotuna na damina ne, amma a daminar hanyoyin ƙauyuka suna zama laka zalla, sai babur da tsofaffin Land Rover ɗin nan da mutanen tsaunin suka riƙe shekara da shekaru ke iya ratsa su. A tsakiyar hunturu hanya ta bushe, amma ciyawa ta bushe ita ma, an fara ƙona ta, ƙurar hazo ta rufe nesa, dare kuma ga sanyi mai shiga ƙashi. A ganina babu kamar ƙarshen damina, daga Nuwamba zuwa farkon Disamba, lokacin da ruwa ya ɗauke, ƙasa ba ta rasa korenta ba, sararin sama kuma a wanke yake. Mai niyyar shiga gandun dajin Gashaka shi kuwa rani ya fi masa, sa'ad da koguna suka janye ana iya ƙetare su.

Yanzu ga maganar da nake so ku buɗe kunne sosai a kanta, maganar sanyi. Mu mutanen ƙasar zafi ne, mun san illar rana, mun san yadda ake yi da wanda ƙishirwa ta kayar. Abin da ba mu saba da shi ba shi ne sanyi yana kashe mutum ko da babu ƙanƙara, in dai jiki ya jiƙe kuma iska tana kaɗawa. Saurayi ya fita da safe rana tana haske, daga shi sai riga mai gajeren hannu da silifa. Da azahar hadari ya taso daga bayan tudu, ruwa ya dake shi, iska ta biyo baya, ga shi tafiyar awa biyu tsakaninsa da gida mafi kusa. Rigar auduga in ta sha ruwa riƙe shi take yi, ta manne a jiki tana zuƙe ɗuminsa. Za a fara da makyarkyata, daga nan hannu ya kasa ɗaure igiyar takalmi, magana ta fara sarƙewa, mutum ya riƙa tuntuɓe yana cewa a bar shi ya ɗan kwanta. In kun ga haka ga ɗayanku, ku tsaya nan take, ku nemi mafaka daga iska, ku tuɓe masa jiƙaƙƙun kaya ku sa masa busassu, ku lulluɓe shi har kansa, in yana iya haɗiya ku ba shi shayi mai ɗumi da sukari, sannan a nemi asibiti. Don haka kowa ya fita da rigar ruwa da rigar sanyi da busassun tufafi ƙulle a leda cikin jakarsa, ko da gari ya waye tangaran. Takalmi ya zama kambas mai kama ƙasa wanda ƙafa ta riga ta saba da shi.

Akwai kuma haɗarin da sanyin dare ke jawowa cikin ɗaki. Mutum ya ji ɗari, ya karɓi kaskon gawayi ya shiga da shi, ya rufe ƙofa da taga, ya toshe kafofi, ya kwanta. Gawayi in yana ci a rufaffen wuri yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Mai barci ba ya farkawa. Haka ma janareta da aka tayar a baranda kusa da taga. Ku ji ɗumin wuta a waje ko a inda iska ke ratsawa, in lokacin barci ya yi a fitar da kasko, a ƙara bargo. Wannan magana ku kai ta har gidajenku, domin a hunturun garuruwanmu ma ana rasa rayuka ta wannan hanya.

Hazon tsauni daban yake da wanda muka sani. Gajimare ne da kansa yake sauka ya lulluɓe tudu, cikin 'yan mintoci ka daina ganin wanda ke gabanka. Tuddan Mambila kuwa sun yi kama da juna ƙwarai, ciyawa ce ko'ina, hanyoyin shanu sun ratsa ta ta kowace fuska. Baƙon da ya ci gaba da tafiya cikin hazo zagaye zai yi ta yi, ko ya nufi bakin kwazazzabo bai sani ba. A tsaya wuri guda, a haɗu, a jira ya yaye. In tsawa ce ta taso, a sauka daga ƙololuwar tudu, a nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai da shingen waya. Wayarku kuma kada ku dogara da ita, sabis yana ɓacewa da zarar an gangara kwari, sanyi yana saurin cinye batir. Ku gaya wa mai masaukinku inda kuka nufa da lokacin da zai sa ran dawowarku.

Ruwa shi ne abin da ya fi jan hankalin matasa, shi ne kuma ya fi cutar da su. Ƙoramu da matsirgun ruwa suna da yawa a tsaunin, kuma kyawunsu ba ya faɗuwa. Amma dutsen da ruwa ke fesawa kullum gansakuka ce a jikinsa, santsi gare shi, kuma yawancin masu faɗawa hoto suka matsa su ɗauka a bakin gaɓa. Tafkin da ke ƙarƙashin matsirga yana da sanyin da ke ɗaure gaɓɓan gwanin iyo, ƙasansa kuma da duwatsun da ba a gani, kada kowa ya yi alkafura a ciki. Rafin da kuka ƙetare da safe iya idon sawu yana iya zama kogi da la'asar ba tare da ɗigo ɗaya ya sauka a kanku ba, domin ruwan an yi shi ne can sama. In kun ga ruwa ya sauya launi ya yi ja, yana tafe da kirare da ganyaye, ku hau tudu. In za ku ƙetare kogin Donga a kwalekwale, kada ku matsa wa mai fito ya ɗauke ku gaba ɗaya don gudun jira.

Ban jero waɗannan don in karya muku gwiwa ba. Wanda ya shirya shi ke samun natsuwar kallo, kuma a Mambila kallon na mai tafiya a ƙasa ne. Daga tagar mota tuddai kawai za ku gani. In kun sauka kun bi sawun mutanen gari na awa uku ko huɗu, sai ƙasar ta fara buɗe muku kanta. Za ku lura cewa duk inda ƙorama ta bi cikin kwari akwai siririn kurmi mai duhu biye da ita, saman tudu kuwa ciyawa ce zalla, sai ku tambayi kanku dalili. Za ku ga yadda kofaton shanu ya sassaƙa jikin tudu hawa-hawa, da inda ƙasa ta zaizaye ta bar jan rami. Za ku ga layukan itacen turare da aka shigo da shi aka dasa don katako da makamashi, har ya zama alamar garuruwan tsaunin. Za ku ratsa gonakin masara da gwaza da ayaba da piya da kofi, ku haɗu da mahayin doki yana bin garkensa, ku sha kindirmo a ruga. A irin wannan tafiya ne mutum ke jin ƙarfin jikinsa da iyakarsa, ya san wane ne cikin abokansa mai haƙuri, wane ne mai raba guzurinsa. Yawancinku kun tashi a birni tsakanin aji da waya da Keke Napep, jikinku bai taɓa gajiya irin wadda ke kawo barci mai daɗi ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin zuwa. 'Yan matanmu ma ba a bar su a baya ba, in iyali sun shirya tafiya a tafi da su, a bar su su taka ƙasa su ga abin da kowa ya gani.

Ku ware yini guda don Kakara, inda gonar shayi take tun shekarun 1970, wadda ake sarrafa ganyenta da sunan Highland Tea. Mu da teburin mai shayi ke kowace kwana a unguwanninmu, kaɗan ne cikinmu suka taɓa ganin bishiyar da ganyen ke fitowa daga gare ta. Shuka ce mai son sanyi da ruwa mai yawa da ƙasa mai tsami, shi ya sa ta karɓi Mambila. Ana datse ta iya ƙugu don hannu ya kai, ana tsinkar toho da ganye biyu na sama kawai, a shanya su yi laushi, a murje, a bar iska ta mai da su baƙi, sannan a busar. Ku nemi izini kafin ku shiga, ku gaida masu tsinka, ku tambaye su yadda aikin yake. Wanda ya ga yawan ganyen da ake tarawa kafin a sami ƙulli guda zai riƙa kallon kofinsa da wani ido.

Wurin da ya fi kwanta mini a rai shi ne kurmin Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa. Ƙarami ne, bai fi 'yan murabba'in kilomita ba, maƙale a gangaren tsauni, amma yana cikin ragowar dazuzzukan kan tsauni da suka saura a Najeriya. A cikinsa akwai itatuwan da ba za ku same su a ƙasarmu ta kwari ba, da tsuntsaye iri-iri, da birai, har da ɗan ƙaramin garken birin nan mai kama da mutum da ake kira cimfanzi. Tun farkon shekarun 2000 wata masaniya daga Jami'ar Canterbury ta ƙasar New Zealand, Dakta Hazel Chapman, ta kafa tashar bincike a wurin, kuma ɗaliban Najeriya da dama sun yi digirinsu na biyu da na uku a kan wannan kurmi. Cikin abin da suke nazari akwai yadda daji ke haifar kansa. Biri ko tsuntsu ya ci ɗan itace, ya kai ƙwallon wani wuri ya kayar, sabuwar bishiya ta fito. In mafarauta suka ƙarar da manyan masu cin 'ya'yan itace, to bishiyoyin masu manyan ƙwallaye sun rasa mai yi musu dako, sai su tsufa babu magaji, ko da babu wanda ya ɗora musu gatari. Sun kuma gwada killace wasu filaye a bakin kurmin daga shanu da wuta, don a ga yadda daji ke komawa inda ya bari. Samarin ƙauyen da ke aiki tare da masanan sun san sunan kowace bishiya da kukan kowane tsuntsu. Ku da kuke karatun ilimin halittu ko aikin gona ko gandun daji a jami'a, yini guda a bayan ɗaya daga cikin waɗannan samari zai warware muku abin da kuka haddace don jarrabawa ba ku gane ba. Ku shiga da jagora, ku rage murya, ku kashe kiɗan waya. Dabbar daji tana jin ku tun kafin ku gan ta.

A ƙasa kuma, kafin a hau tsaunin, akwai gandun dajin Gashaka-Gumti, mafi girma a Najeriya, wanda ya haura murabba'in kilomita 6,000 a jihohin Taraba da Adamawa. An mai da shi gandun ƙasa a 1991, ofishinsa yana Serti, nan ake biyan kuɗin shiga a haɗa mutum da ma'aikacin gandu. Akwai ɓauna da dorina da gwanki da mazo da gadu da gwaggon biri, akwai kuma kufan ganuwar Jamusawa kusa da ƙauyen Gashaka. Kada ku je da tsammanin abin da kuke gani a talabijin. Daji ne mai duhu da tuddai, dabbobinsa sun sha farauta sun koyi ɓuya, wani lokaci sawu da kashi da kuka daga nesa ne rabon mai ziyara. Yankin ya sha wahalar masu saran madobiya, wadda a can ake kira madrid, a shekarun da ake lodinta zuwa Sin, ga masu haƙar ma'adinai ta bayan fage. Daga 2017 wata gidauniya mai suna Africa Nature Investors ta haɗa hannu da hukumar gandun daji ta ƙasa wajen kula da shi. Masu gadin nan da ransu suke aiki. In ɗayansu ya ce ba a bi nan, to ba a bi.

Cikin wannan gandu ne Chappal Waddi yake, wanda ake kuma kira Gangirwal, a kan iyakar Kamaru, tsayinsa mita 2,419, babu inda ya kai shi a Najeriya. Na san da yawanku shi ne burinku, kuma buri ne mai kyau. Tafiyar kwanaki ce a ƙafa, da kwana a tanti ko a ruga, sai da izinin hukumar gandu da ɗan jagora da 'yan dako. Ku fara motsa jiki watanni kafin lokacin, ku yi kwana biyu a kan tudun jikinku ya saba kafin ku tunkare shi. A hanya, saurin ayari shi ne saurin wanda ya fi kowa rauni, kuma ba a barin mutum shi kaɗai a baya da sunan zai tarar da mu. Tun kafin a tashi a yanke lokacin da za a juya ko an kai ko ba a kai ba, in lokacin ya yi a juya. Ku tafi da katin shaidarku, domin iyaka a can ba ta da shinge, kuma rikicin da ya ɓarke a yankin masu Turancin Ingilishi na Kamaru tun wajen 2016 ya koro 'yan gudun hijira zuwa wannan ɓangare, jami'an tsaro suna sa ido.

Sai maganar mutane, wadda ita ce ta fi nauyi. Tuddan da kuke kira wurin shaƙatawa gonar wani ce, makiyayar wani ce, maƙabartar kakannin wani ce. Akwai Mambilawa da tsaunin ke ɗauke da sunansu, akwai Kaka da Panso da Kambu, akwai Fulani da suka hau da shanunsu a ƙarnin da ya wuce saboda ciyawa da rashin ƙudan tsando, akwai Hausawa 'yan kasuwa da suka daɗe a garuruwan. Fulatanci ya yaɗu a tsakaninsu, Hausa ma za ta fisshe ku a kasuwa da tasha. Wannan yanki a da ƙarƙashin Jamusawa yake cikin Kamaru, bayan yaƙin duniya na ɗaya ya koma hannun Ingila, sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 mutanen arewacin Kamarun Ingila suka zaɓi shiga Najeriya, aka sa wa lardin sunan Sardauna. Wato da zaɓinsu suka zama 'yan ƙasa ɗaya da mu, hakkinsu ne mu je musu da girmamawa.

Ku sani kuma akwai ciwo a ƙasar. Rigimar fili tsakanin manoma da makiyaya ta jawo zubar da jini, a 2002 da kuma 2017, an rasa rayuka da dukiya, kuma kusan kowa da za ku zauna da shi yana da wanda abin ya shafa. Baƙon kwana uku ba shi da hurumin yanke hukunci. In an ba ku labari ku saurara, ku jajanta, ku kama bakinku. Kada ku dawo ku hau Facebook kuna rarraba laifi a kan abin da kuka ji daga bakin mutum ɗaya, domin rubutunku yana komawa can, kuma su ne za su kwana da abin da ya tayar.

In kun isa ƙauye ku fara da gidan jauro ko mai unguwa, ku yi gaisuwa, ku faɗi abin da ya kawo ku. Baƙo ko da ido makaho ne, jauron ko mai unguwar ne zai haɗa ku da yaron da ya san hanya. Kada ku ɗaga waya a fuskar matar mutum ko 'yarsa ko tsohon da ke zaune a ƙofar gidansa ba tare da izini ba, kuma in an ce a'a, a'a ɗin ce. Kada ku tsallaka shinge, in kun buɗe ƙyauren makiyaya ku rufe shi yadda kuka same shi, kada ku kutsa cikin garke don hoto, saniya mai ɗan maraƙi ba ta san wasa ba. Ayaba da piya da ke bakin hanya suna da mai su. Akwai duwatsu da kogunan dutse da kurame da mutanen wurin ke girmamawa bisa al'adarsu, in an hana ku shiga kada ku yi gardama ko izgili. Musulmi da Kirista suna zaune a garuruwan nan, ku kiyaye alfarmar masallaci da ta coci. Ku kuma kada sanyin ruwan asuba ya sa ku wasa da salla, a ɗumama ruwa a yi alwala, sauƙin da aka yi wa matafiyi na kasaru kuma yana nan.

Ku tafi da tsabar kuɗi a hannu, domin na'urar cirar kuɗi da tura kuɗi ta waya ba abin dogaro ba ne da zarar an bar manyan garuruwa. Ku yi ciniki da ɗan acaɓa da ɗan jagora da ɗan dako tun kafin a tashi, in an dawo ku biya cikakke. Mutumin da ya ɗauki jakarku ya hau da ita tudun da ku da hannu sake kuke haki a kansa, bai kamata a tsaya ja-in-ja da shi a kan canji ba. Ku ci abincin garin, ku sayi zuma da man shanu da ganyen shayi daga hannun masu yi. Ta haka ne zuwanku zai zama alheri gare su, su ga amfanin barin kurmi da biri a raye.

Ledar fiya wata da robar lemo da gwangwanin da kuka hau da su, ku sauko da su. Shanu suna haɗiye leda ta toshe musu ciki su mutu, abin da ya saura kuma ruwa ya kwashe shi zuwa ƙorama. Daga tsaunukan nan kogin Donga da na Taraba suke tasowa su zuba a Binuwai, al'umma mai yawa a ƙasa da ruwan nan take sha take noma. A kan Donga ɗin ne ma aka tsara madatsar lantarkin Mambila mai ƙarfin megawat 3,050, wadda aka shafe shekaru da dama ana maganarta ba a gina ba. Kada ku yi wanka da sabulu ko bayan gida a bakin ruwan da ƙauye ke ɗiba. A rani kuwa guntun sigari ɗaya ko wutar dafa shayi da ba a kashe da kyau ba ta isa ta cinye tudu guda ta shiga kurmi. A zuba mata ruwa, a tona tokar, a taɓa da hannu a tabbatar ta mutu.

Ranar saukowa ku tashi da sassafe, bayan hazo ya yaye, don ku bar tsaunin da rana a sama. Gangara ta fi hawa haɗari. Direban da bai saba da dutse ba yakan ɗora ƙafa a kan birki tun daga Maisamari, birkin ya yi zafi, ya fara wari, ya daina kamawa daidai lokacin da ake tsakiyar kwana. A sa mota a ƙaramar giya inji ya riƙe ta, a riƙa taɓa birki kaɗan-kaɗan ana saki, a yi oda kafin kowace kwanar da ba a ganin bayanta, kada a kashe inji ko a saki giya don tsimin mai. In an ji ƙauri, a sami wuri mai faɗi a tsaya, a sa dutse a taya, a jira ƙafafun su huce da kansu ba tare da an watsa musu ruwa ba. In a motar haya kuke kuka ga direba yana gudu, ku yi masa magana da ladabi tun a kwanar farko, in ya ƙi ji ku ce ya sauke ku a gari na gaba ku jira wata motar.